Tsamin Ƙwaryar Fanta

Shekara talatin da ɗaya ina sayar da fura a bakin tashar Batsari, kuma ban tara komai ba sai harshe. Sunana Hansai. Wanda bai san sunan ba ya san ni da masifaffiyar nan ta bakin tasha, ni kuwa ban taɓa musawa ba. Amma ko wanda ba ya ga-maciji da ni ya sani, in aka kawo nono gari ana shakkarsa, ni ake kawo wa.

Ludayi ɗaya ya ishe ni. Zan gaya maka ko na jiya ne ko na shekaranjiya, ko an tsinka shi da ruwa, ko an kaɗa masa farin garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri ya ruɗi ido. Na san nonon damina mai ƙarnin ɗanyar ciyawa, na san na rani wanda saniya ta ci kara da dusa ta bayar da shi da ƙyar. Masu kawo nono suna jin haushina, suna kuma rububin in ɗanɗana nasu, don in na gyaɗa kai kafin azahar sun sayar.

A haka na haɗu da Fanta. Wata ranar kasuwa ta sauke kayanta a gabana, siririyar Bafillatana daga wata ruga can wajen Tsaskiya. Ƙwaryarta na fara kallo. Baƙa ce wuluk, gyartai ya ɗinke ta wuri huɗu, bakinta duk ya cinye.

"Wannan ƙwarya ce ko kayan boka?" na ce mata.

Ba ta ji haushi ba. Ta ɗaga faifai, ta cika ludayi, ta miƙo mini.

"Kaɗo, ɗanɗana tukuna. Bakinki ya huta."

Kaɗo shi ne sunan da Fulani ke kiran Bahaushe. Na karɓa ina shirin kushewa, sai na rasa ta inda zan fara.

Tsaminsa ba ya dukan mutum a gaba kamar na sauran. Ta gefen harshe yake hawa, a hankali, har ya kai ƙarƙashin kunne ya ɗan matse. Kana cikin jin wannan sai hayaƙi ya taso ta hanci, ba ƙauri ba, wani ƙamshi mai sanyi irin na ɗakin tsohuwa mai tsabta. Akwai ɗan bauri a ciki da ke goge maiƙon daga baki. Bayan ka haɗiye, ka ɗauka an gama, sai wani zaƙi ɗan kaɗan ya biyo baya daga maƙogwaro, ya zauna. Na miƙa mata ludayinta.

"Ba laifi," na ce.

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Daga ranar, duk kasuwa ƙwaryar nan a gabana take sauka, shekara ashirin da biyu.

A hankali na san sirrin, don ba ta ɓoye mini ba, ta san ko na sani ba zan iya ba. Kowa kwana ɗaya yake barin madara ta kama, ita kwana uku take bari a ɗaki mai sanyi. Ƙwaryar ta kakarta ce, sabulu bai taɓa shigarta ba. Da ruwan zafi take wanke ta, ta kife ta a kan hayaƙin itacen marke har ta bushe. Sai kuma iri, wato ɗan tsohon nonon da ake ragewa a zuba cikin sabuwar madara don ta yi tsami. Nata irin, in ji ta, tun daga hannun kakar yake, bai taɓa mutuwa ba. Yau a rage na gobe, gobe a rage na jibi, haka ya ratso mata uku.

Mun yi faɗa ya fi a ƙirga. Ina ce mata Fulani ba su san gishiri ba, tana ce mini Haɓe ba su san kunya ba. Ita ta zauna da ni sati guda lokacin da na haifi autana Yazid, jini ya ƙi tsayawa. Ni na raka ta asibiti da ciwon ido ya kama ɗanta Sada. Ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai shanun nan. Yazid kuwa da nonon ƙwaryarta na yaye shi.

Sai duniya ta canza mana. Ba sai na ba kowa labarin abin da ya sami ƙasarmu ba. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane, gona ta zama wurin da ake yin sallama da iyali kafin a tafi. Mutanen gari suka ɗauki makami su ma. Fulani suka rage shigowa kasuwa, wanda ya shigo kuma idonsa na bayansa. Fanta ta koma zuwa sati biyu sau ɗaya, daga baya wata ɗaya sau ɗaya.

Yazid yana da shekara ashirin. Da damina ya tafi maimai gonar ubansa a Darini, shi da mutum uku. Da hantsi aka zo musu a kan babura. Kafin la'asar aka kawo mini shi a bayan a-kori-kura, an rufe shi da buhun taki, ƙafafunsa a waje da ƙasar gona a jiki. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, don har yau ba na iyawa.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida, ana raba gumba. Ina zaune a kan tabarma ban san wanda ya shigo ba, ban san wanda ya fita ba. Sai na ji surutu ya ɗauke. Na ɗaga kai, ga Fanta a bakin zaure. Ta cire 'yan kunnenta, ta sa hijabi irin na matan gari, amma ina za a ɓoye wannan ƙwarya? Ita kaɗai ta zo. A lokacin, Bafillace ya tako cikin Batsari ba ƙaramin sayar da rai ba ne, kuma ta sani.

Ta ratso mata ta durƙusa a gabana. Idonta ya kumbura.

"Hansai, ya haƙuri? Allah ya jiƙan shi. Allah ya sa ya huta."

Na kau da kai. Ta ɗaga faifai, ta cika ludayi, ta miƙo mini kamar kullum. Na san dalili, ta ga kwana uku ban ci komai ba. Wata daga bayana ta yi tsaki. Wata ta ce, "Ikon Allah, har gida." Ido ya yi mini yawa, ga wuta a ƙirjina da na rasa wanda zan watsa wa, ga Fanta ta kawo kanta.

"Kun kashe shi," na ce, "kun kuma zo ku gani ko mun gama kuka?"

Shekara ashirin da biyu ina ce mata ke. Ke Fanta, ke marowaciya, ke 'yar daji. Ran nan na ce ku. Da wannan 'yar kalma na ɗauke ta daga gabana na jefa cikin waɗanda suka zo a kan babura. Na ga lokacin da kalmar ta shige ta. Ludayin ya ɗan girgiza, nono ya ɗiga a kan tabarma. Ta mayar da sauran cikin ƙwarya, ta rufe faifai, ta gyara gammo.

"Allah ya ba ki haƙuri," ta ce.

Ta fita. Ba wanda ya raka ta ko zaure, ba wanda ya ba ta ruwa.

Mijina Malam Sammani mahauci ne, mutum ne da zai yini bai yi magana goma ba. Bayan kwana biyu da jama'a suka ragu, ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kallon ƙasa.

"Na ji abin da kika hwaɗa wa matar nan."

"To sai mi?"

"Cikin wuta ta ratso ta zo miki. Kin sani, na sani. Haƙƙin mutum ko Allah ba ya yahe shi sai mai shi ya yahe. Ki neme ta."

Na yi masa ta-tas. Na ce ɗana yana cikin ƙasa, shi yana ta Bafillatana. Ya juya ya fita. Amma maganar ta zauna. Kafin arba'in na san ni ce da laifi, kuma laifi babba. Magana zarar bunu ce. Na ce ranar kasuwa mai zuwa in ta sauke ƙwarya zan kama ƙafarta a gaban kowa, in ya so a yi mini dariya.

Ba ta zo ba. Ana haka aka rufe kasuwanni, aka katse waya, hanya ta mutu. Da abubuwa suka ɗan lafa sai muka ji rugagen wajen Tsaskiya duk sun watse, ba bukka ɗaya a tsaye. Wasu an ce sun tsallaka Nijar, wasu sun yi kudu, wasu kuwa ba a faɗi inda suka yi ba, kowa ya gane.

Sau ɗaya na gwada tambaya. Wani direba da ke bin hanyar Safana, wanda ya sha furata tun yana kwandasta, na ja shi gefe na ce ko ya san inda mutanen rugar suka koma. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Inna, mi ya haɗa ki da su?"

Washegari mutum biyu suka je rumfar Malam suna tambaya ko matarsa tana da hulɗa da mutanen daji. A garinmu a lokacin, a kira ka infoma ya ishe ka mutuwa. Ni da aka kashe wa ɗa, ni ake zargi. Na kama bakina.

Abin da ya rage mini harshe ne, shi kuwa ba mai jin tambayarsa. Na yi tunani, in Fanta tana da rai ba za ta bar nono ba, kuma nono ba ya zama wuri ɗaya, dole ya fito kasuwa. Daga nan duk ƙwaryar da ta shigo Batsari sai na ɗanɗana. Da bokiti, da jarka, da wanda aka ƙulla a leda, ban bar ko ɗaya ba. In na ji mota ta zo daga wani gari da nono, ina barin furata a rana in bi ta.

Na sha abin takaici a shekarun nan. Na sha nono mai tsami tsirara kamar an matse lemo a ruwa, ya daki haƙori ya wuce bai bar komai ba. Na sha mai warin roba. Na sha na madarar gari, fari tas, mai kauri, kyakkyawa a ido, a baki kuwa salam, kamar kana tauna auduga. Na sha wanda ya wuce kwanansa har ya fara ɗaci yana kumfa. Sau biyu na ji hayaƙi a wani nono gabana ya faɗi, ashe ƙauri ne kawai, madarar ce ta kama a tukunya. Masu nono suka fara cewa tsufa ya sa wa Hansai kwaɗayi, tana sha ba ta saye. Na bar su da haka, ya fi mini sauƙi.

Shekara uku ina wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne lissafin shekaru. Na ba sittin baya, ita ta girme ni. Kullum aka yi sanarwar mutuwa a masallacin unguwa sai in ce saura ni, kuma zan tafi da wannan kaya a wuya.

Sai Ramlat, ɗiyar ƙanwata da ke aure a Safana, ta haihu. Ban so zuwa suna ba, hanya ba ta da daɗi, amma uwarta ta rasu, ni ce uwar. Muka bi ayarin motoci da safe, kowa na salati, muka isa lafiya.

Da rana ta take aka dama fura a babbar roba ana zuba wa baƙi. Aka miƙo mini kofi. Na karɓa don kada a ce na raina, na kai baki ina sauraron wata tana ba da labarin tsadar gero.

Da farko ba komai, madarar gari ce, na san ta. Ga sukari an zambaɗa, ga yajin fura ya rufe ko'ina. Har na haɗiye. Sai na ji wani abu yana hawa ta gefen harshena a hankali, ya kai ƙarƙashin kunne, ya ɗan matse. Na daina jin maganar matar. Na jira. Babu hayaƙi, babu bauri, maiƙon ma ba na saniya ba ne. Amma can daga maƙogwaro zaƙin nan ya biyo baya, siriri, kamar muryar wanda ka sani tana fitowa daga gidan maƙwabta.

Na ajiye kofin. Kurɓa ɗaya ta ba ni labari uku. Shanun sun tafi, tunda da madarar gari aka yi. Ƙwaryar ta tafi, tunda ba hayaƙi. Amma irin yana nan, kuma iri ba ya tafiya da ƙafarsa, sai wani ya ɗauko shi.

Na kutsa ɗakin mai jego, mata na ta ba ni hanya.

"Ramlat, wa ya kawo nonon nan?"

"Inna, ya lalace ne? Wallahi na ce a kai miki ki duba..."

"Ke, wa ya kawo shi?"

"Wata Bafillatana ce. Tana zama gindin bedi, bayan masu kayan miya."

Ko mayafi ban gyara ba na fita. Na same ta inda aka ce, a inuwar itacen. Ba Fanta ba ce. Matashiya ce da ba ta wuce ashirin da biyar ba, ramammiya, da goyo a baya da farin bokitin roba a gaba. Na gaishe ta, na ce ta ba ni in ɗanɗana. Babu sukari a wannan, babu yaji, ba abin da ya tare mini. Na rufe ido na sha. Shi ne.

"Ɗiyata, irin nan ba naki ba ne. Wa ya ba ki?"

Ta janyo bokitin jikinta, ta waiga hagu da dama.

"Nawa ne, Inna. Ni ban san kowa ba. Ni nan nike zaune, kowa ya san ni."

Tsoro ne ƙarara a fuskarta, kuma ban ga laifinta ba. Na durƙusa duk da ciwon gwiwa, na rage murya.

"Akwai wata baƙar ƙwarya mai ɗinki huɗu, da ake kifewa a hayaƙin marke. Tana ina?"

Ta dube ni. Sai idonta ya kawo ruwa.

"Ke ce Kaɗon Batsari?"

Na gyaɗa kai.

Sunanta Sumayya, matar Sada ce. An yi aurensu lokacin da hanya ta riga ta ɓaci, shi ya sa ban san ta ba. Ta rufe bokitin ta ɗora a ka, ta ce in biyo ta daga nesa kaɗan. Sai da muka bar kasuwa muka shiga lungu ta jira ni, muka jera, tana magana ba ta kallona.

Bayan daminar da aka kashe Yazid, in ji ta, na daji suka zo suka kore shanun kaf, saboda Sada ya ƙi bin su. Ya bi sawun shanunsa, sai gawarsa aka samo a bakin rafi. Ba a yi sati ba wasu daga gari suka zo suka sa wa bukkoki wuta, sun ce rugar maɓoyar ɓarayi ce. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Ita ta ɗauki tabarma da tukunya. Surukarta kuwa ɗan ƙoƙon iri ta ƙunshe a zani ta fito da shi, ƙwaryar ta ƙone a ɗaki. A hanya da madarar akuya suka riƙa raya shi, wadda suke roƙa gida gida.

"Tana da rai?" na ce. Tun daga gindin bedi nake son tambaya, ina tsoro.

"Tana nan."

Na tsaya na dafa bango na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Sumayya ta jira har na gama.

"Amma Inna, ba yadda kika san ta ba. Tun da muka baro can kanta ya juye. Abin da ya faru duk ya goge. Ita har yanzu muna ruga. Duk safiya sai ta ce a ɗauko mata gammo, yau kasuwar Batsari, Kaɗo na jira, in ta makara za ta sha masifa." Ta share ido da bakin mayafi. "Don Allah duk abin da ta tambaye ki, ki ce lahiya. In aka hwaɗa mata gaskiya sai ta yi kuka kamar yau abin ya faru, gobe ta manta, ta sake tambaya. Sau uku na gwada, na bari."

A wani kango suke zaune a ƙarshen gari, gini ne da mai shi ya kai linta ya tsaya, an rufa ɗaki ɗaya da buhuna da tsohon kwano. Fanta tana zaune a inuwar bango a kan tabarma. Ta ƙanƙance, kanta ya yi fari fat. Na tsaya a bakin ƙofa, duk maganar da na shekara uku ina shiryawa ta gudu.

Ta ɗago. Fuskarta ta washe gaba ɗaya.

"Lale! Kaɗo da kanta! Yau mi ya hiddo ki daga tasha? Ko furar ta ƙi saye?"

Na zube a gabanta na kama ƙafafunta. Kuka ya ƙwace mini irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kawo Yazid.

"Fanta, ki yahe mani. Don girman Allah ki yahe mani abin da na hwaɗa miki."

Ta sunkuyo tana leƙen fuskata, tana dariya.

"Ke da kullum cikin hwaɗa kike, wanne daga ciki?"

"Ranar da kika zo gidana. Ranar da kika miƙo mani ludayi na ƙi karɓa."

"Ke? Ki ƙi karɓar nonona?" Ta tafa hannu. "Wagga ƙarya ko a mahwalki. Tashi, tashi, kina jiƙa mani ƙahwa. Na yahe, duniya da lahira, ko mi ne ne. Sumayya, kawo wa baƙuwa kosam."

Ga shi ta faɗa, da bakinta, har da duniya da lahira. Na zauna ina jiran in ji kayan sun sauka daga wuyana, ba su sauka ba. Wadda na yi wa laifin, wadda ludayi ya girgiza a hannunta, ba ta nan. Ta tafi da abin a cikinta, ban san inda zan same ta ba. Wannan da ke gabana ba ta san na yi mata komai ba, kyauta ta ba ni kamar yadda za ta ba ni goro. Na tambayi malamai daga baya, wani ya ce ta karɓu, wani ya ce Allah ne masani. Ni dai na san abin da nake ji.

Sumayya ta kawo nono a kofi. Fanta ta sa ido sai da na shanye, tana ba ni haƙuri wai ƙwaryar tana wajen gyartai, shi ya sa yau bai yi daɗi ba. Ta tambayi Malam, na ce lafiya. Ta tambayi kasuwa, na ce lafiya. Sai ta dafa gwiwata.

"Ina angona Yazid? Ya kwana biyu bai aiko a gaishe ni ba. Ko ya yi mani kishiya?"

Sumayya ta tsaya cak da kofi a hannu. Na dubi Fanta, tana murmushi tana jira. Shekara uku ba wanda ya kama sunansa a gabana da fara'a, kowa sai ya rage murya ya haɗa da Allah ya jiƙansa.

"Yana gona," na ce.

"Madalla. Namiji ke nan. Mai shanun nan ma ya tahi kiwo tun da sahe, yanzu za ya shigo. Kada ki tashi, ki jira ku gaisa."

Ta matsa ta ba ni wuri a tabarmar. Na zauna kusa da ita, muka fuskanci ƙofa, muna jira.